Tambaya da Amsa: Kogin da yake cika ba a yi ruwan sama ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a Dadin Kowa, ina shinkafa da ɗan tumatir a ƙasan dam. Ƙanena yana karatu a jihar Kolorado ta Amurka. Ya ce min kogin garinsu yakan cika maƙil a watan Yuni ko da sama ba ta ɗiga ba, wai kuma tun Afrilu ake sanar da manoma yawan ruwan da za su samu a shekarar. Na ce masa santin ƙasar Turawa ne ya ɗebe shi. In gaskiya ya faɗa, da me suke aunawa, kuma me ya hana a yi mana haka a Gongola?
Mai karatu daga Dadin Kowa, Jihar Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka wanke ƙanen naka, bai ƙara gishiri ba. A can, lokacin sanyi dusar ƙanƙara ce take zuba a kan duwatsun Roki, ta yi ta taruwa wata da watanni ba ta gangarowa. Dutsen ya zama rumbunsu na ruwa. Sai zafi ya fara shigowa wajen Afrilu take narkewa, daga gindin dutse zuwa ƙololuwa, shi ya sa kogunan suke kai maƙurar cikarsu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Kogunan Dijla da Furat ma haka suke, dusar duwatsun Turkiyya ce take cika su a Afrilu da Mayu.

Abin da yake rumbu kuwa ana iya auna shi tun kafin a ɗebo. Wani malamin jami'ar Nebada ta Amurka mai suna James Church ne ya yi fice da wannan dabara a farkon ƙarni na 20. Bututun ƙarfe ake soka wa cikin dusar har ya taɓa ƙasa, a zaro shi da abin da ya ɗauko, a ɗora a sikeli. Nauyin ake nema, tudun dusar ba ya faɗin gaskiya: sabuwar dusa mai kaurin santimita 10 ba ta cika wuce santimita 1 na ruwa ba in ta narke, amma wadda ta daɗe ta danƙare tana iya zama kashi 40 cikin 100 ruwa. Yanzu ma'aikatar gona ta Amurka tana da tashoshi fiye da 800 a kan duwatsun yammacin ƙasar, ana ce musu SNOTEL. A kowace an shimfiɗa wata faffaɗar jaka a ƙasa, cike da ruwan da ba ya daskarewa. Dusa ta danne ta, na'ura ta auna nauyin, ta aika. Awon ranar 1 ga Afrilu shi ne abin dogaro, don wajen lokacin ne tarin yake kai iyakarsa. Daga nan labarin da ƙanenka ya ji yake fitowa.

To amma sanin abin da yake kan dutse bai isa ba. Dole a san shekarar da aka auna dusa kaza, ruwa nawa ne ya bi kogin. Nan ne nake so ka natsu, don wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye.

In ka lura a jikin ƙafar wasu gadoji akwai doguwar sanda mai lambobi, kamar rula. Aikinta ɗaya ne: nuna inda ruwa ya kai. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan awon kogi. A'a. Tsayin ruwa daban, yawan ruwan da yake wucewa daban. Mai dam da manomi yawan suke buƙata, wato kubik mita nawa ne suke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, duro biyar ke nan.

Kai ma za ka iya gwadawa a kwatar da take kai ruwa gonarka. Auna mita 20 a wuri miƙaƙƙe, ka jefa guntun kara, ka duba agogo. In ya ɗauki daƙiƙa 40, gudun ruwan rabin mita ne a daƙiƙa. Rage kaɗan, kamar kashi 15 cikin 100, don ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri. Sai ka ninka da faɗi da zurfi. Ma'aikatan awo haka suke yi, sai dai da tsanani. Sukan raba faɗin kogin gida 25 ko 30, a kowane gida su zura wata 'yar farfela mai juyawa da ƙarfin ruwa, su ƙirga juyinta. Inda ba zurfi su shiga da ƙafa, inda ya fi ƙarfinsu su zura ta daga kan gada da dalma mai nauyi a ƙasanta. Yanzu akwai na'urar da ake ja a kan ɗan kwale-kwale tana auna gudu da zurfi da sauti. Sai an maimaita wannan a rani da damina, a ƙaramin ruwa da babba, sannan a iya tsara jadawalin da zai ce in sanda ta nuna kaza, ruwa kaza ne yake wucewa.

Kuma jadawalin ba ya dawwama. Ambaliya ɗaya tana iya kwashe yashin gindin kogi ko ta jibge sabo, sai lambar jiya ta daina nufin abin da take nufi. A wurinmu ƙara da masu tifa da suke haƙar yashi kusa da gadoji. Su can ƙanƙara ce take ruɗa su: in saman kogi ya daskare ko ɓarɓashinta ya toshe hanya, ruwa yakan taru ya hau sanda alhali kaɗan ne yake wucewa. Shi ya sa ko cikin sanyin nan sai ma'aikaci ya je ya huda ƙanƙarar ya auna da hannunsa.

Akwai wani hali na kogin dusa da yake burge ni. Yana hawa yana sauka kullum. Rana ta yi zafi, dusa ta narke da azahar, ruwan bai isa tashar awo ba sai magariba ko tsakar dare, gwargwadon nisanta da dutsen. Wanda yake karanta sanda sau ɗaya da safe ba lallai ne ya ga maƙurar ruwan ranar ba. Ita kuwa hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tana sa na'urorinta su ɗauki awo duk minti 15, su aika ta tauraron ɗan'adam, kowa ya duba a intanet kyauta. Tana da dubban irin waɗannan tashoshi, ta farkon kuwa tun 1889 aka kafa ta a Embudo, a kan kogin Riyo Girande.

Kada ka ɗauka ba sa shan mamaki. In ruwan sama mai ɗumi ya sauka a kan dusa, hasashen wata uku ba ya hana komai. Haka aka yi a Yunin 2022 a gandun dajin Yelosuton na Amurka, ruwa ya cinye hanyoyi da gadoji har aka rufe wurin. Kogin Kolorado kansa, wanda mutane wajen miliyan 40 suke dogaro da shi, a 1922 jihohi bakwai suka raba ruwansa bisa awon 'yan shekarun da aka yi sa'ar ruwa mai yawa. Sun raba fiye da abin da kogin ya saba kawowa, har yau rigimar ba ta mutu ba. Gajeren tarihin awo ya fi rashin na'ura illa, a ganina.

Yanzu mu dawo gida. Gongola daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa Bauchi ta Dindima, ya yi arewa maso gabas zuwa Nafada, ya karkato kudu ya shiga dam ɗinku, wanda aka kammala a 1984. Daga nan Hawul ya haɗe da shi, ya wuce dam ɗin Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Babu dusa ko ɗaya a wannan tafiya. A watan Afrilu ruwan Gongola bai ma haɗu ya zama hadari ba, to me za a ɗora a sikeli? Abin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon shekara hasashen damina ne, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma ta biyo da na wuraren da ake fargabar ambaliya. Suna da amfani, amma kintace ne a kan ruwan da bai sauko ba, ba za su kai ƙarfin awon abin da yake jibge a ƙasa ba.

Sai dai muna da abubuwa biyu da ba mu cin moriyarsu yadda ya kamata. Na farko, ruwan noman raninka ba a sama yake ba, yana cikin dam. Da damina ta ɗauke a Oktoba, tsayin ruwan tafkin ya riga ya faɗi abin da za a raba tsakanin gonaki, injinan lantarki na megawat 40, da famfunan Gombe. Wannan lamba ce da ake da ita, kuma ƙungiyarku ta manoma tana da damar neman a riƙa sanar da ita kafin kowa ya zuba iri. Na biyu, ruwan da aka tafka a Filato cikin marka ba ya isowa Dadin Kowa a yini guda. Sanda a Dindima da wata a Nafada, da mutum amintacce mai waya da ake biyansa haƙƙinsa a kan kari yana karantawa safe da yamma, sun isa su ba masu dam da mutanen ƙasansa lokacin shiri.

In za ku rubuta wa Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama da ke Yola, ku tambayi abu uku: tsayin ruwan dam a ƙarshen damina, ranakun da ake shirin ƙara sakin ruwa, da kuma hanyar da za a riƙa isar muku da sanarwa. Ku nemi a ba ku amsar a rubuce.