Amsa ga ƙaninmu mai shirin zuwa Cape Town a watan Yuli

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na ga tambayar ƙaninmu da ya ce an ɗauke shi kwas na wata ɗaya a Cape Town cikin watan Yuli, yana tambaya wai da gaske ne 'yan Afirka ta Kudu ba sa ƙaunar ɗan Najeriya, ya zai yi da abincin halal da masallaci, sannan ina da ina ya kamata ya leƙa tunda guzurin ba yawa. Har na ga wasu sun fara ce masa ya haƙura kawai. Toh ni dai na zauna a garin lokacin karatu, bari in faɗa maka abin da na gani, kayi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ƙanena, abubuwan da kake tsoro ba su ne za su wahalar da kai ba. Abin da zai baka kashi sanyi ne, kuma na lura ko ambatonsa baka yi ba. Su can lokutansu a juye suke da namu, Yuli tsakiyar hunturunsu ne, kuma a Cape Town hunturun shi ne daminarsu, wato sanyi da ruwa da iska duk a haɗe. Da dare yakan sauka wajen digiri 7, da rana da ƙyar ya kai 17 ko 18. Za kace ai wannan ba wani abu bane, toh matsalar ita ce yawancin gidajensu ba a gina su don sanyi ba, babu abin ɗumama ɗaki a jiki, sai kaga cikin ɗaki ya fi waje sanyi, tayil ɗin ƙasa in ka taka da asuba sai kayi salati. Ka nemi jaket mai kauri wadda ruwa baya ratsawa, da safa da hular sanyi, lema kam kar ka ɓata kuɗinka, iskar garin nan juya ta take yi ta karya ƙarafunan. Ka tambayi masaukinka tun yanzu ko suna bada hita. Rana kuma bata fitowa sai wajen takwas saura, ta faɗi kafin shida ko daidai nan, kaga asuba sai bayan shida, wannan kam za kaji daɗinsa.

Kafin ka taso, katin rigakafin shawara ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ka tabbata na gaske ne kuma yana jikin fasfo ɗinka. A 2012 sun taɓa maido 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg akan maganar katin nan har abin ya zama rigima tsakanin ƙasashen biyu. Biza ka nema da wuri. Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne zagayayyu, cajarka ba zata shiga ba sai da adafta, ana samu a kowane babban kanti. Kuma dan Allah ka saka ƙaramar buta a jaka, banɗakunansu takarda ce kawai. Kilishi kuma ka barshi a gida, ana iya karɓe nama a filin jirgi, amma yaji kam ka ƙullo, zaka gode min.

Maganar masallaci. Musulunci a Cape Town ya haura shekara 300, ba baƙo bane. Turawan Holan ne da suka kafa zango a wurin a 1652 suka riƙa kwaso bayi da malamai da sarakunan da suka yi musu tawaye daga tsibiran Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka, jikokinsu ne Musulmin garin na yau. Akwai unguwa a gindin tudun Signal Hill ana ce mata Bo-Kaap, ita ce mai gidajen nan kala-kala da kake gani a hotuna, kore, ruwan hoda, shuɗi, titunan duk dutse aka jera. A titin Dorp akwai masallacin Auwal, an kafa shi a 1794, shi ne na farko a ƙasar. Malamin da ya fara limanci a ciki, Tuan Guru, daga tsibirin Tidore na Indunusiya aka kamo shi aka tsare a tsibirin Robben a 1780, kuma a tsaren nan ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, irin yadda alarammominmu suke yi. Kwafi ɗaya yana nan a masallacin cikin gilashi, wajen gyaran rufi aka tsinto shi. Na daɗe a tsaye ina kallon rubutun, tawada baƙa da ja, takardar tayi ruwan ƙasa, gefunan sun cinye. Mutum an raba shi da ƙasarsa da littattafansa, abin da ke ƙirjinsa kawai ya rage masa, kuma shi ya zama tushen karatun garin gaba ɗaya. In wuri ɗaya kawai zaka je a Cape Town ni nan zan ce kaje.

Abu ɗaya, yawancinsu Shafi'awa ne, za kaji liman ya bayyana bisimilla, kuma a asuba bayan an ɗago daga ruku'u na biyu za a ɗaga hannu ayi alƙunut a bayyane ana cewa amin, kar ka wuce sujada kai kaɗai. Masallatan 'yan asalin Indiya kuma da yawansu Hanafawa ne, la'asar ɗinsu tana yin baya sosai. Juma'a in kana son ganin taro kaje Masjidul Quds a Gatesville, amma kaje da wuri. Kuma kasa kaftaninka da hularka ba fargaba, dattawan nan suna ganinka za su yi maka sallama su tambaye ka daga ina, ni har gida an taɓa jana shan shayi daga fitowa masallaci.

Abinci kuwa sai wanda ka zaɓa. Ka duba jikin ƙofa ko bayan kanta za kaga takardar shaidar halal, yawanci ta hukumomin Musulmi MJC ko SANHA, har kajin manyan kantuna da tambarin a jikin leda. Amma ka duba kowane reshe da kansa, kamfani ɗaya sai kaga wannan reshen halal ne wancan ba halal ba. Mai ƙaramin guzuri abincinsa gatsby ne, burodi ne dogo kusan tsawon hannu a cusa masa soyayyen dankali da nama mai masala da miya, a yanka gida huɗu, kai da abokin ɗakinka ɗaya ya ishe ku har da na dare. Akwai bobotie, niƙaƙƙen nama da aka gasa da ƙwai a sama, ana ci da shinkafa mai kurkum da zabibi, ni dai gaskiya zaƙi a cikin nama bai taɓa kwanta min ba amma ka ɗanɗana. Safiyar Lahadi kuma koesister, wani ɗan fanke ne mai kirfa da citta da ake tsomawa a ruwan sukari a barbaɗe da kwakwa, mata ke yi a gida, za kaga yara da kwano a hannu sun yi layi a ƙofar gidan mai yi tun da sanyin safiya. In marmarin tuwo ya taso maka ka nemi pap, tuwon masara ne sak. Inda zaka kula shi ne wajen gashin nama, mutanen nan ba abin da suke so irin a hura gawayi a taru a gasa nama ranar hutu, za a gayyace ka, ka tambaya me aka ɗora a kan wayar gashin tunda ana haɗawa da alade da tsiran-alade, ba sa jin haushi in ka tambaya, sun saba zama da Musulmi. Ruwan famfo ana sha, sai dai har yanzu suna tsantseni da ruwa tun farin 2018 da aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana.

Toh maganar ƙin 'yan Najeriya. Ba zan ce maka ƙarya bane. An yi a 2008, an yi a 2015, an yi a Satumban 2019 a Johannesburg har Air Peace ta kwaso mutanenmu kyauta. Kuma akwai kallon da wasu ke yiwa koren fasfo na masu sayar da ƙwaya, wasu 'yan uwanmu ne suka ja mana, wani direba yana jin Najeriya za kaga fuskarsa ta canza. Amma rikicin nan yawanci a unguwannin talakawa yake tashi inda ake rububin shago da aikin yi, kai da kazo kwas na wata ɗaya tsakanin makaranta da masauki da wuya ka gamu da shi. Abin da ya fi kusa da kai shi ne ɓarawon waya, kuma shi baya tambayar ƙasarku. Kar ka tsaya bakin titi kana latsa waya, kar ka bar jaka a kujerar mota ko da gilashi a rufe, duk wanda yazo zai "taimaka" maka a wurin ATM kace ka gode ka bar wurin, in duhu yayi ka kira Uber ko Bolt ko da wurin kusa ne, kuma ka duba lambar motar kafin ka shiga. Tsakiyar gari shaguna suna rufewa biyar zuwa shida titi yayi tsit, ba irin namu bane da ake hada-hada har sha ɗaya.

In kana so ka gane daga ina wannan zafin yake, ka buɗe ido tun daga filin jirgi. Babbar hanyar N2 da zata kaika gari tana ratsa gefen bukkokin kwano jere da banɗakunan haya, wajen Langa da maƙwabtanta, minti ashirin da wani abu kuma kana Camps Bay inda gidajen gilashi ke kallon teku. Mulkin wariya ya ƙare a 1994 amma taswirar da ya zana tana nan. Kaje gidan tarihin District Six, kuɗin shiga kaɗan ne. Unguwa ce da gwamnati ta ce ta Turawa ce zalla a 1966, aka kwashe mutum sama da 60,000 aka rushe gidajen, aka bar masallatai da coci-coci tsaye a fili. A ƙasan ɗakin an shimfiɗa taswirar unguwar, tsofaffin mazauna suka zo suka rubuta sunayensu a inda gidajensu suke da. Bayan ka fito daga nan ko wani yayi maka magana a ɗage zaka ɗan fahimce shi, ban ce ka bashi gaskiya ba.

Wuraren kallo kuma, ƙa'ida ɗaya ce a Yuli, kar ka tsara rana, ka tsara da sama. Duk safiyar da ka tashi kaga Table Mountain, babban dutsen da ke bayan garin, tas babu gajimare a kansa, in da hali ranar zaka hau, kar kace sai Asabar. Tsayinsa ya ɗan haura mita 1,080, akwai motar da ke hawa a jikin waya, minti biyar take yi kuma ƙasanta yana juyawa kowa yaga ko ina, amma in iska tayi ƙarfi rufewa suke, kuma sukan tsayar da ita don gyaran shekara wajajen ƙarshen Yuli, sai ka duba shafinsu. A sama za kaga gari da tashar jiragen ruwa da tsibirin Robben can cikin teku, ga rema nan birjik suna shan hantsi a kan duwatsu ko gezau. Masu ƙarfi suna hawa da ƙafa ta Platteklip Gorge awa biyu zuwa uku, kyauta, amma banda kai kaɗai, hazo yana rufowa cikin ɗan lokaci kuma ana fashi a wasu hanyoyin.

Tsibirin Robben ka sayi tikiti a farkon zuwanka, saboda in teku ta ɓaci soke jirgin ake yi, sai ka samu damar sake rana. Daga Waterfront, wurin shaguna da shaƙatawa a tashar jiragen ruwa, ake tashi. Mandela yayi shekara 18 a nan cikin 27 da yayi a ɗaure, za a nuna maka ɗakinsa da wurin fasa farar ƙasa da hasken ya lalata masa ido, kuma sau da yawa mai zagayawa da ku shi ma tsohon fursunan wurin ne. In kana da hajijiyar ruwa kar ka cika ciki.

Ranar hutu ɗaya ku haɗa kuɗi da 'yan ajinku ku ɗauki mota ku zaga, ta Hout Bay ku ci soyayyen kifin snoek, ku bi Chapman's Peak in a buɗe take, hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse teku na ƙasanka, sai Cape Point, ku dawo ta Boulders inda tsuntsayen penguin suke yawo a bakin ruwa. Za a ce maka a Cape Point tekuna biyu suka haɗu, ba haka bane, a Cape Agulhas ne can gaba, nan ne ma ƙarshen Afirka ta kudu. Kuɗin shiga wuraren nan hawa uku ne, na 'yan ƙasa, na maƙwabtansu 'yan SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, sai na sauran duniya, mu a na ukun muke tare da Turawa, abin yana min ciwo amma haka yake. A Cape Point ku kulle mota da makulli, gwaggon biran wurin sun iya buɗe ƙofa kuma ba sa wasa da leda in sun hango. In guzuri ya ƙare kuma, hawa Signal Hill da yamma kyauta ne, tafiya a bakin tekun Sea Point kyauta ce. In kaji ƙarar igwa ƙarfe 12 na rana kar ka ruga, daga Signal Hill ake harbawa kullum banda Lahadi da ranakun hutu.

Sauran ƙananan abubuwa, hannun hagu suke tuƙi, wajen tsallaka titi dama zaka fara dubawa. Gidan abinci ana barin tukwicin kashi 10 cikin ɗari, masu gadin mota masu riga mai ƙyalli ana basu 'yan canji. Ka gaida mutum kafin ka tambaye shi hanya, musamman 'yan ƙabilar Xhosa, babbar mace kace mata mama, nan take zata sake da kai. Kusan komai da kati ake biya, wasu wuraren ma basa karɓar tsaba, toh ka gwada katinka tun a gida ka tabbata yana aiki a waje, in ba haka ba ka tanadi na dala. Tsaraba kuma kar ka saya a Waterfront, shayin rooibos ɗin da mutanen gida za su so yana nan a Shoprite da Pick n Pay da araha.

In an turo maka sunan unguwar da za a sauke ka ka ajiye mana a nan, sai in faɗa maka masallacin da ya fi kusa da kai da motar da zaka riƙa hawa. Allah ya kai ka lafiya.