Amsa ga ɗan'uwa na Argungu kan yaran zango da malamansu

Malam, ka ce an gaya maka 'ya'yanmu na Kumasi ba sa durƙusa wa malami, har kana tambaya ko da sauran tarbiyyar Hausa a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a Ghana. Da sauranta. Yaron Aboabo ko Asawase, unguwanninmu na Kumasi, malamai iri biyu gare shi, kuma ya san hakkin kowanne.

A makarantar boko idan malama ta kira shi, miƙewa yake tsaye, ya mayar da hannuwansa baya, sannan ya amsa. Ladabin ajin Ghana ke nan, wanda ya durƙusa dariya za a yi masa. Yaron nan dai shi ne zai tuɓe takalmi a makarantar allo, ya durƙusa gaban malam, idonsa a ƙasa. A makarantun Sashen Ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987, malamin Larabci da na Turanci ma haraba guda suke.

Hukumar ilimi ta hana duka tun 2017, ko da yake bulala ba ta ɓace ba. Amma yara ba sa ƙin malami mai zafi matuƙar zafinsa na kowa ne. Abin da suke lura da shi shi ne wa ake kira ya amsa tambaya, wa aka manta a bencin baya, laifin wa ake tona wa gaban aji.

Inda abu ke lalacewa shi ne aji 1 zuwa 3 na firamare. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauka don koyarwa, bayani da Twi ake yi, wato harshen mutanen Asante, 'yan asalin Kumasi. Yaron da Hausa kawai yake ji sai ya yi shiru. Malama ta ɗauka taurin kai ne, shi kuma ya ɗauka tsanarsa take, kafin hutu ya daina ɗaga hannu. Magani shi ne uwa ko uba ya je a makon farko, ya gaida malamar, ya gaya mata harshen gida, ya roƙi a zaunar da yaron kusa da mai jin Twi.

Mai jin Twi ɗin nan galibi ɗan da uwarsa 'yar Asante ce, irin waɗanda kuke cewa rabin Bahaushe. Su ke yi wa 'yan'uwansu tafinta a aji, kuma maganar nan taku tana yi mana ciwo. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, asalinsa Bakabe ne, a ƙasar nan ya karantar, ba mu taɓa jin an ce almajiransa rabi ne ba.