Amsa: 504 tana mutuwa idan ta yi zafi

Malam, ka ce Peugeot 504 ɗinka tana tashi lafiya da safe, amma da ta ɗau zafi sai ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huce. Kada ka bari a taɓa maka kabureta tukuna, wannan matsalar wuta ce.

Da zarar ta mutu, zare wayar tsakiya daga kan distiributa (mai rarraba wuta zuwa fulogi), ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, wani ya buga sitata. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. In ja ne mai rauni, ko babu sam, taɓa kwayil (mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa distiributa): idan hannu bai iya jure zafinsa ba, mai yiwuwa ya gaji. Sai dai ni kondansa (ƙaramar na'urar da ke jikin distiributa) nake fara zargi, don ta fi arha, kuma sababbin na kasuwa ba su da ƙarko. In ta lalace za ka ga kwantak (makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa) ya ƙone ya yi rami. Canza su tare, ka saita tazarar kwantak a 0.4 na milimita, sannan a duba taimin, wato lokacin da tartsatsi ke tashi a fulogi.

In ka cire wayoyin fulogi, jerinsu 1-3-4-2 ne.