Ado na boho a biki, me zan sa?

'Yar'uwa, kin tambaya yadda ake adon furanni irin na boho a wajen biki, wato salon ado sakakke da ba a tsara shi tsaf-tsaf. Sirrinsa kar ki daidaita komai, a bar furannin kamar a daji aka tsinko su, wani ya fi wani tsawo. Busasshiyar ciyawar pampas, wata doguwar ciyawa mai kai buzu-buzu, ita ce kan gaba, sai ganyen turare da busasshen ganyen dabino, ki soka furen rozi kaɗan a tsakani. Kala kuma ruwan ƙasa, madara da ruwan goro mai duhu, banda mai ƙyalli gaskiya yana ɓata abin. Ki fesa wa pampas ɗin feshin gashi tun kafin ranar, don zuba take sosai ta manne a kaya, kuma ki nisanta ta da kyandir, wuta ba ta mata wuya.