Tsuntsaye sun ragu a bakin ruwa, kuma mai zobe ta faɗo gidanmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Shekara biyu ke nan ni da ɗana muna fita kallon tsuntsaye ran Lahadi, wani lokaci Lekki, wani lokaci bakin ruwan Ikorodu. Tunda Maris ya kama sai raguwa suke yi, musamman tsattsewa da masu dogon bakin nan na cikin taɓo. Guba ce ke kashe su? Na biyun ya fi tayar mini da hankali. Wata tsattsewa ta faɗo tsakar gidanmu da zoben ƙarfe mai rubutu a ƙafarta. Wani mai magani ya ce ture aka yi mana, ya sa aka ƙone ta, ya karɓi kuɗin karya sammu. Har yau iyalina ba sa barcin kirki.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka fara da kwantar wa iyalinka hankali, babu wanda ya jefe ku da komai.

Raguwar da ka gani tafiya ce. Baƙi ne, rani suka zo ci. Suna sauka nan daga Satumba zuwa Oktoba lokacin da sanyi ke korar su daga Turai, idan Maris da Afrilu suka zo su kama hanyar gida don yin sheƙa. Abin da Bature ke murna da shi yana cewa tsuntsaye sun dawo, a wurinmu sallama ce. Ko shirwar da ke shawagi a kan mayankar Oko-Oba za ka ga ta yi ƙaranci idan ruwa ya sauka, arewa take bi, kamar yadda shamuwa ke isa garuruwanmu gab da damina. Ban wanke masu cike bakin ruwa da yashi ba, suna cinye wurin kiwon tsuntsayen nan. Amma wannan ɓarnar sai ka kwatanta Janairun bana da Janairun baɗi za ka gane ta.

Yanzu maganar zobe, wadda na gaji da ji. Wannan ya ce asiri, wancan ya ce na'urar leƙen asiri ce ta Turawa, wani ya ce akwai kuɗi a ciki. Har a Masar an taɓa tsare wani babban tsuntsu dangin shamuwa a 2013 saboda na'urar bincike da ke bayansa. Alhaji, zoben nan ɗan guntun ƙarfe ne mara nauyi, babu batir, babu kyamara, babu laya. Lamba ce da adireshin waɗanda suka saka, shi ke nan. Wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, shi ya fara wannan aiki a 1899, kuma har gobe a kansa ake. Mu ma nan ana yi: cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana saka wa tsuntsaye zobe. Da an bar ka ka karanta rubutun, da ka ga sunan wani gari, watakila Landan, watakila wata cibiya a Jamus ko Italiya.

Ka duba abin da aka ƙone. Tsattsewa nauyinta kusan giram 20 ne kawai. Wani ya tashi da asuba a wata ƙasa, ya kama ta a hankali, ya auna fiffikenta, ya rubuta, ya sake ta. Ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Sahara. A irin wannan lokaci ci take yi ba ƙaƙƙautawa don ta tara kitsen komawa, kuma wadda ta gaza takan faɗo duk inda ƙarfinta ya ƙare. Mafi yawan ƙananan tsuntsayen da aka saka wa zobe ba a sake jin labarinsu. Wannan ɗaya ta iso har tsakar gidan mutumin da ke son tsuntsaye, sai aka kira wanda bai iya karanta lambar ba ya yanke mata hukunci. Da irin waɗannan zobba aka gano cewa tsattsewar da ke kwana cikin ciyawar Boje a Kuros Riba daga ƙasashen Turai daban-daban suke taruwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai maganin ya san tsoro ne jarinsa. Gobe mujiya ce, jibi maƙwabciya tsohuwa za a nuna da yatsa. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Wane malami ne ya karantar da mu cewa gajiyayyen baƙo wuta ake saka masa?

Idan an sake samun mai zobe, ka ɗauki hoton rubutun duka, ka rubuta rana da unguwa. Mai rai a saka ta a kwali mai huji, a inuwa, nesa da kyanwa, in ta farfaɗo a sake ta da zobenta. Matacciya kada yara su taɓa da hannu, kada a ci, kada ta kusanci kaji, domin murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006 kuma takan sake ɓulla. A sa leda a hannu. Sai ka kai lambar ga ma'aikatan NCF, gidauniyar kare muhalli da namun daji ta Najeriya, a Lekki, ko ka shigar a shafin intanet na EURING, ƙungiyar masu saka wa tsuntsaye zobe ta Turai. Sukan aiko da amsar inda aka saka zoben da ranar.

Ka ba ɗanka littafi ya riƙa rubuta ranar ƙarshe da ya ga kowane iri a bana. Idan Satumba ta kama ku koma Ikorodu da sassafe, lokacin da ruwa ya janye, ya fara rubuta ranar isowa.