Amsa: Ko haɗe yankunan ƙabilu na Pakistan ya kawo adalci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wani abu ya canja tun da aka haɗe yankunan ƙabilu na FATA, waɗanda a da gwamnatin tarayyar Pakistan ke mulka kai tsaye, da lardin Khyber Pakhtunkhwa a Mayun 2018. A takarda kam, an samu gagarumin canji.

Kafin nan, dokar FCR, wato dokar laifuffuka ta yankunan kan iyaka, da Turawan Ingila suka kafa a 1901 ce ke mulkin mutanen Waziristan, Bajaur, Kurram da sauransu. Idan mutum ɗaya ya yi laifi, wakilin gwamnati na da ikon kama danginsa, ya rufe musu shaguna, ko ya sa a rusa gidan. Babu lauya, babu ɗaukaka ƙara zuwa kotun ƙasa. Majalisar dattawa, wato jirga, ita ke sauraron magana, amma jami'in nan ne ke zaɓar masu zama a cikinta. To ina adalcin?

Yanzu an soke wannan doka. Babbar Kotun Peshawar, babban birnin lardin, da Kotun Ƙoli sun samu hurumi a yankin, an mayar da dakarun tsaron ƙabilu na Levies da Khasadar 'yan sanda, kuma a Yulin 2019 jama'a suka zaɓi wakilai 16 zuwa majalisar lardi karo na farko.

Sai dai ni a ganina aikin bai kai rabi ba. Yawancin filaye ba su da rajista, shi ya sa rikicin gona a Kurram ke ta cin rayuka. Shari'a na jan lokaci, mutane na komawa wajen jirga, kuɗin raya yankin da aka yi alkawari kuma har yau ba su cika fitowa ba.