Yadda Sabon Shago Zai Hau Taswirar Google a Jidda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Jidda ne, kakanninmu ne suka zo daga Kano. Wata biyu ke nan da na buɗe ɗan gidan abinci, muna gasa tsire, muna yin masa da miyar taushe, ran Juma'a kuma tuwon shinkafa. Takarduna sun cika, akwai sijil, wato rajistar kasuwanci, akwai lasisin baladiyya, wato hukumar gari. Damuwata ita ce duk wanda ya bugo waya sai ya ce in turo masa lokeshan, domin in an rubuta sunan shagon a Google Maps ba ya fitowa. Wani yaro ya ce in ba shi riyal 700 zai saka ni, har ya haɗa min da taurarin yabo. In biya? Sannan ƙanwata tana dafa abincin biki a gida, ita ma za ta iya shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka, ya sa an buɗe a sa'a.

Kada ka biya. Saka shago a taswira kyauta ne, ko kwabo Google ba ya karɓa. Sunan tsarin Google Business Profile, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business, kuma da wayar da ke hannunka za ka gama komai, ko dai ta shafin business.google.com ko ta cikin manhajar Google Maps. Cika bayanan ba zai ci maka rabin awa ba. Abin da ke cin lokaci shi ne gamsar da Google cewa shagon yana nan a inda ka ce, da sunan da ka ce, kuma kai ne mai shi, kuma duk wannan ya rataya ne ga abu ɗaya: abin da ka rubuta ya dace da abin da ido zai gani in an tsaya a ƙofarka.

Ban ma fi jin ciwon riyal 700 ɗin ba. Abin da nake tsoro shi ne yaron ya buɗe da adireshin Gmail ɗinsa. Na ga haka da idona a Makka. Wani tela ya bar wa ma'aikacinsa ya yi masa rajista, aka shekara biyu ana tara yabon masu ɗinki, sai ma'aikacin ya yi fitar ƙarshe ya koma ƙasarsu, layinsa ya mutu. Da telan ya canza lambar waya, ya kasa gyarawa, mutane suna ta kiran layin da babu kowa a kansa. Akwai hanyar neman a maido maka da mallaka, amma sai an aika wa wancan saƙo, a jira, a sake tantance ka tun daga farko. Saboda haka ka buɗe da Gmail naka na kanka, ka ɗaure shi da lambar wayar salular da ke kan sunanka. In kana son yaron ya taimaka, ka ƙara shi a matsayin manaja daga baya. Manaja yana iya sa hotuna da amsa wa mutane, amma ba zai iya cire ka ba, kai kuwa kana iya cire shi duk ranar da ka so.

Kafin ka ƙirƙiri sabo, fara bincika sunan shagon da kuma wurin a taswira. Kowa na iya ƙara wuri a Google Maps, wataƙila wani da ya ci masarka ya riga ya sa. In ka same shi, sai ka danna inda ake cewa kai ne mai wannan kasuwanci, kada ka yi na biyu. In kuma sunan wanda ya riga ka zama a shagon ne yake nan, kada ka ɗauki nasa ka canza suna. Ka kai rahoto cewa ya rufe, ka buɗe naka fil.

Sai suna. Rubuta shi kamar yadda yake a kan allon da ke saman ƙofarka, ba ragi ba ƙari. Mutanenmu suna son su cika wurin da kirari, su ce tsire mafi daɗi a Jidda, ga arha, ga kaiwa gida. Dokar Google ta hana, kuma yana daga cikin abubuwan da ke sa a dakatar da shafi. Kirari yana da wurinsa: akwai filin bayani mai ɗaukar haruffa 750, akwai jerin abinci. A can ka rubuta da Larabci, kuma kada ka manta mutanen Hijaz da sunan siriya suka san tsirenmu, 'yan Sudan kuma agashe suke nema. Wanda ya buɗe shafinka ya ga sunan da ya sani, ba sai ya tambaya ba. Ga alhazai da masu Umara da ke zuwa daga Najeriya da Nijar, ka ƙara layi biyu da boko: tsire, masa, tuwo. A wajen rukuni ka zaɓi babban rukuni guda wanda ya fi kusa da sana'arka, kamar gidan abincin Afirka. Ana iya ƙara wasu har tara, amma biyu ko uku na gaskiya sun wadatar.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, wato adireshi da alamar nan ja da ke nuna wuri. Ka ɗauko adireshin ƙasa, unwanul waɗani, wanda hukumar gidan waya ta Subul ke bayarwa: lambar gini mai alƙaluma huɗu, sunan titi, unguwa, lambar gidan waya mai alƙaluma biyar. Ka rubuta shi yadda yake a takardunka. Amma ka sani direban da ke kawo maka baƙo ba ya karanta adireshi, alamar yake bi. Ka tsaya a bakin ƙofar shagon, ka juya taswira zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka faɗaɗa har ka gane rufin ginin, ka ja alamar da yatsa ka ajiye ta daidai kan ƙofar da ake shiga. Ba tsakiyar gini ba, ba bayansa ba. Idan alamar ta zame mita talatin kawai ta faɗa layin baya, taswira za ta zagaya da mutum ta wani titin daban, ya sauka ya tarar da bango, da yunwa a cikinsa, ya juya. Wannan ya ƙara muhimmanci a Jidda tun bayan rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafi Sabil, Gulail, Karantina da wasu unguwannin kudu inda jama'armu suka daɗe. Da can kwatance ya isa, a ce bayan masallacin wane, kusa da mai burodi. Yanzu 'yan'uwa sun watsu zuwa unguwanni nesa da juna, kuma da waya suke neman ɗanɗanon gida.

Daga nan sai tantancewa, kuma a nan ne yawancin mutane ke maƙalewa. Google ne ke zaɓar hanyar da zai ba ka, ba kai ba. Wani a turo masa lamba ta saƙon waya, wani ta imel, wani ta kati a gidan waya, amma sababbin shaguna galibi bidiyo ake nema. Bidiyon ɗauka ɗaya ne, ba yankewa ba haɗawa, kuma daga cikin shafin naka za ka ɗauka. Ka yi shi da safe kafin titi ya cika. Fara daga waje: nuna allon sunan titi ko lambar gini, da shagunan maƙwabta. Juyo ka tsaya a kan allonka har sunan ya karantu sarai. Sa'an nan ka sa makulli ka buɗe ƙofa da hannunka, wannan shi ne shaidar cewa kai ne mai wurin. Shiga ciki, nuna tebura, jerin abinci, na'urar karɓar katin banki na mada, ka wuce har kicin inda baƙo ba ya shiga, a ga wurin gashi da tandar masa. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa. Ka kiyaye fuskokin mutane, musamman mata masu wucewa, domin laifi ne a ƙasar nan a ɗauki mutum ba da izininsa ba, Google ma ba ya so. Kada kuma ka haska lambar katin shaidarka ko ta banki. Bayan ka tura, dubawa na iya kai kwana biyar na aiki. A cikin kwanakin nan kada ka taɓa suna ko adireshi. In an ƙi karɓa, duba allonka tukuna. Sau da yawa sai ka ga sunan allo daban, na shafi daban, ko kuma allon leda ne da aka ɗaura da igiya.

Lokutan aiki kuwa kada ka sa su ka manta. Ran Juma'a in sai bayan salla kake buɗewa, rubuta haka. Da azumi ya kama, ka koma ka canza, tunda kasuwar abinci a nan daga la'asar take ci har sahur. Akwai wurin sa lokuta na musamman don ranakun Salla da ranar ƙasa, 23 ga Satumba. Wanda ya taso tun daga Abhur, can arewacin Jidda, saboda waya ta ce a buɗe kake, ya iske ƙofa a garƙame, da wuya ya sake dawowa, kuma yana iya barin maka tauraro ɗaya kafin ya tada mota. Hotuna kuma naka za ka sa, ba na intanet ba: gaban shago da rana, gaban shago da dare in fitilu sun kama, tsire a kan wuta da yajinsa, masa tana tururi.

Maganar taurarin da yaron ya yi maka alkawari, ka rufe ta. Yabon saye ƙarya ne, kuma algus ne ga wanda zai karanta ya yarda. Google na goge irinsa, wani lokaci ya hukunta shafin gaba ɗaya. Ba da shayi kyauta ko ragi don a yaba maka, shi ma dokarsu ta hana. Abin da Google ya bayyana da kansa shi ne abu uku yake dubawa wajen jera shaguna: dacewar shagon da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da kuma shahararsa. Kusanci ba a hannunka yake ba. Sauran biyun ana gina su a hankali. A cikin shafinka akwai mahaɗin neman ra'ayi, ka mai da shi lambar QR ka manna kusa da wurin biyan kuɗi, wanda ya ci ya ji daɗi ka roƙe shi ya rubuta abin da ya gani. Ka riƙa amsawa, da Larabci ga mai Larabci, da Hausa ga mai Hausa. In wani ya yi suka, ka ba shi haƙuri a taƙaice, ka gyara in yana da gaskiya, domin masu karanta amsarka sun fi shi yawa.

Da zarar shafin ya fito, ka sa ran kiran waya daga masu cewa su ma'aikatan Google ne, za a rufe shafinka in ba ka biya ba, ko ka karanto musu lambar da aka turo maka. Kada ka biya, kada ka ba su. Ka riƙe lambar nan kamar yadda kake riƙe ta Absher da Nafath, manhajojin gwamnatin Saudiyya.

Ƙanwarka kuma za ta iya shiga, amma ba irin naka ba. Tunda ba a zuwa gidanta a ci, sai ta yi rajista a matsayin mai kai wa mutane inda suke. Za ta rubuta adireshin gida don tantancewa kawai, ta ɓoye shi daga idon jama'a, sai ta lissafa unguwannin da take kaiwa, har ashirin, muddin ba su wuce tafiyar kamar awa biyu a mota ba. Ina jaddada ɓoyewar, domin bai dace ƙofar gidan iyali ta zama wurin da kowane baƙo zai iya bi ya zo ba. Kafin ta fara, ta nemi izinin da ake ba masu sana'ar gida, waɗanda ake kira usar muntija, domin shafin Google ba lasisi ba ne, hasali ma fito da mutum fili yake yi. Wannan gargaɗin ya fi shafar 'yan'uwa masu iƙama, wato takardar izinin zama, da ke juya kasuwanci da sunan wani ɗan ƙasa: wannan shi ne tasattur, kuma hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ita ma ƙanwar taka da Gmail nata za ta buɗe, da lambar wayar sana'a daban da tata ta gida, kuma a bidiyonta ta nuna tukwane, kulolin kai abinci da takardar izinin.